Yaya za mu karrama ɗaliban da suka yi fice a makarantarmu ta dare?

Tambaya: Ni nake kula da wata makarantar sakandare ta dare a Kano. Ɗalibanmu duk manya ne masu abin yi: direbobi, masinjoji, teloli, yaran kasuwa, matan aure, har da 'yan sanda. Muna so bana mu yi bikin karrama waɗanda suka yi fice, amma kan malamai ya rabu. Wasu sun ce a ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, kamar yadda ake yi a makarantar rana. Wasu kuma sun ce raba kyauta harkar yara ce, magidanci ba ya buƙatar a tafa masa. Wa ya kamata mu karrama, kuma me za mu ba su?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ku yi bikin. Sai dai kada ku kwafo shi daga makarantar rana, domin mutanen da ke zaune a ajinku daban ne da nasu, kuma abin da bikin zai yi muku daban ne da abin da yake yi musu.

Bari in fara da malaman da suka ce tafi na yara ne. Na daɗe ina koyar da manya da dare, kuma abin da na gani shi ne babba ya fi yaro jin yabo, ya dai fi shi iya ɓoyewa ne. Yaron makarantar rana yana da uba mai duba sakamakonsa da uwa mai yi masa addu'a ranar jarrabawa, kuma kowa a gari ya yarda karatu ne aikinsa. Ɗalibinku kuwa, kafin ya iso aji sai ya ratsa ta gaban majalisar abokansa an yi masa ba'a, wai da furfurarsa ina shi ina boko. Da yawansu rabonsu da makaranta tun ranar da aka koro su saboda kuɗin makaranta, ko aka cire su aka yi musu aure, ko suka faɗi jarrabawa suka ɓoye takardar a ƙasan akwati. Abin da suka sani game da makaranta shi ne wurin da aka taɓa kunyata su. In aka kira sunan mutum irin wannan a lasifika, matarsa da 'ya'yansa suna zaune, aka ce ya yi abin kirki da biro da takarda, ba ƙaramin abu aka yi masa ba. Kullum muna cewa gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemun yana so ya gani a ƙasa.

Hukumomin ilimin manya ma ba su ƙi yabo ba. Hukumar ilimin manya ta jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin gwamna Abubakar Rimi, ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983, kuma har yau in ana ba da tarihinta sai an ambaci wannan lamba. In hukuma mai ofis da motoci tana alfahari da lambar da aka ba ta fiye da shekara arba'in da suka wuce, ban ga abin da zai sa a ce mai gadin da ya ci Lissafi ba ya buƙatar tasa ba.

Amma ɗaya ɓangaren ma, masu cewa a ɗauki na ɗaya zuwa na uku a tashi, ban bi bayansu ba. Ka buɗe rajistar ajinku na ƙarshe ka duba ko su wa ke ciki. Za ka tarar da saurayin da ya gama sakandare shekara biyu ko uku da suka wuce, yana da kiredit ɗinsa huɗu, Turanci ko Lissafi ne kawai ya tokare shi, shi ya zo gyarawa. Kusa da shi akwai matar da aka cire daga aji biyu na ƙaramar sakandare, yanzu babbar 'yarta ta kusa aure. Can baya kuma ga wani bawan Allah da ya sauke Alƙur'ani a tsangaya, ya koyi baƙaƙen boko a ajin yaƙi da jahilci, ya lallaɓo a hankali har ya kawo nan. In ka jera su da yawan maki, saurayin nan ne zai zo na ɗaya bana, wani irinsa ya zo na ɗaya baɗi. Kamar a yi tseren keke ne zuwa Ƙofar Mata, wani ya taso daga Kurna, wani daga Wudil, sannan a ce wanda ya riga isa shi ne gwani. A makarantar rana yara sun taso tare daga aji ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, awowin da suke da su na karatu kusan ɗaya, don haka jerin maki yana faɗin wani abu game da ƙoƙari. A wurinku jerin maki yana faɗa maka wanda ya fi daɗewa a makaranta kafin ya zo, da wanda aikinsa ya fi sakin sa da wuri. Ɗaliban sun san haka sarai. Shi ya sa in aka yi irin wannan biki sau biyu, a na uku sai ka ga 'yan bayan aji ba su zo ba.

Ciwon makarantar dare ɗaya ne, kai ma ka san shi: zubewar ɗalibai. Zangon farko benci ba ya isa, kafin zango na uku kana iya kwanciya a kansa. Ba kasafai babba yake barin karatu don ya gagare shi ba. An canza masa lokacin aiki, ko maigidansa ya ce rufe shago ya koma bayan isha'i, ko matarsa ta haihu, ko kuɗin mota ya fi ƙarfinsa. Sai ya yi fashin mako biyu, sai kunyar dawowa ta kama shi, shi ke nan. Don haka duk shawarar da za ku yanke game da bikin nan, ku auna ta da tambaya guda: shin za ta ƙara yawan waɗanda za su daure har su zauna jarrabawar ƙarshe? Mutanen da bikin ya fi shafa su ne ɗalibin da ke zaune a kujera yana tunanin ko ya haƙura, da mutumin da ke riƙe da lokacinsa, wato ubangidansa a kasuwa, ko shugabansa a ofis, ko mijinta a gida. Masu hawa dandamali su karɓi kyauta sun riga sun tsallake.

Wannan ba ya nufin a danne haziƙi. Wanda ya fi kowa maki a ba shi lambarsa, a kira ta da sunanta, domin yabon gwani ya zama dole, kuma makarantar da ta ji kunyar yaba ilimi tsantsa ta rasa dalilin buɗe ƙofarta. Na fi son a ba da ita darasi-darasi, gwanin Turanci, gwanin Lissafi, gwanin Hausa, gwanin darasin addini, maimakon a haɗa jimilla. Ta haka ne mutumin tsangayar nan, wanda Turanci ke wahalarwa amma ba mai kama ƙafarsa a Larabci, zai sami inda zai tsaya. Mutum ɗaya kada ya kwashi fiye da kyauta biyu. In ya cinye darussa biyar, a faɗa a lasifika cewa ya cinye, a ba shi babbar lamba, sauran kyaututtukan su gangara ga masu bi masa.

Akwai tarko a nan da ya kamata in faɗa ba kwana-kwana. In za ku karrama sakamakon jarrabawar waje, WAEC ko NECO ko NABTEB ta fasaha da kasuwanci ko NBAIS ta Larabci da addinin Musulunci, ku ɗora shi kusa da aikin mutum na aji da jarrabawar gwajin da kuka yi masa. Kowa ya san akwai cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutane amsa a allo. Ɗalibin da bai taɓa haura maki 35 a Turanci a wurinku ba, ya tafi wani ƙauye ya dawo da sakamako mai daraja irin B2, in kuka kira shi gaba kuka miƙa masa kyauta, kun koya wa sauran ajin darasin da ya fi duk abin da kuka koyar a shekarar shiga kai. Ba sai kun tuhume shi ko kun tozarta shi ba. Ku dai sa a ƙa'ida tun farko cewa lambar yabo tana bin sakamakon waje da na cikin gida tare.

Kyautar da nake ganin ita ce zuciyar bikin ita ce ta wanda ya fi kowa matsawa gaba daga inda ya fara. Wannan ba ta yiwuwa sai kuna da gwajin shiga: takarda ɗaya ta Turanci, ɗaya ta Lissafi, a makon farko, a adana a fayil ɗin kowa. In ba ku yi bana ba, ku yi amfani da sakamakon zangon farko, baɗi ku gyara. Amma lissafinta yana da wayo, kuma nan ne kwamitoci suke rikicewa. A ce wani ya tashi daga maki 15 zuwa 40, wani kuma daga 70 zuwa 82. Na farko ya ƙara 25, na biyu 12, amma kowane malami ya san hawa daga 70 zuwa 82 ba wasa ba ne, domin sama ta ƙure masa. Sannan wanda ya ci 15 a makon farko, wataƙila ba iyakar saninsa ke nan ba, hannunsa ne ke rawa don ya shekara goma sha biyar bai riƙe biro a ɗakin jarrabawa ba. Rabin ƙarin da ya samu dawowar hankali ne kawai. Kuma in ɗalibai suka gane cewa faɗuwa a gwajin shiga tana jawo kyauta a ƙarshe, za a sami mai dabarar da zai faɗi da gangan. Manya ne, sun san kasuwa.

Abin da na ga ya fi aiki shi ne a raba ajin rukuni-rukuni bisa gwajin shiga, na ƙasa, na tsakiya, na sama, kowa ya yi takara da tsararsa. Sannan a ba da nauyi na musamman ga wanda ya ƙetare layin kiredit, wato C6, wanda ke farawa daga maki 50. Dalili kuwa, layin nan shi ne ke canza rayuwa. Jami'a tana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Masinja ko mai shara a ma'aikatar gwamnati, takardar sakandare ce ke buɗe masa hanyar komawa layin akawu. Wanda ya tashi daga 38 zuwa 52 ya tsallake wani rami da wanda ya tashi daga 15 zuwa 40 bai kai ba tukuna, ko da yake shi ma na biyun ya cancanci a ambace shi a rukuninsa. Gwajin shiga kuma a yi amfani da shi wajen raba mutane aji, yadda wanda ya faɗi da gangan zai tsinci kansa a ajin baya. Wannan kaɗai ya isa ya kashe dabarar.

Sai kyautar zuwa aji. A makarantar rana ana ba wanda bai taɓa fashi ba. In kuka yi haka, mai shagon kansa ne zai cinye kullum, domin shi ke riƙe da makullinsa. Ɗan sanda, ma'aikaciyar asibiti, mai aikin kamfani a Sharaɗa ko Bompai da ake juya wa aiki mako na safe mako na dare, direban da ke lodi zuwa Legas, waɗannan ba za su taɓa cika rajista ba ko da sun fi kowa so. Ku ƙirga zuwan mutum a kan ranakun da yake da ikon zuwa. Wanda ya kawo jadawalin aikinsa tun farkon zango, ranakun da yake bakin aiki ba fashi ba ne, muddin ya karɓi aikin gida ya kawo. Wannan yana nufin rajistarku ta zama ta gaskiya, ana kiran suna kowane dare, ba a cike ta ranar Juma'a da ka ba.

Akwai kuma wata kyauta da ban cika gani ba, alhali ita ta fi dacewa da ciwon da na ambata: ta wanda ya bari ya dawo. Macen da ta haihu ta yi arba'in ta dawo da goyo, mutumin da aka yi wa canjin wurin aiki ya shekara ya sake shigowa. A ranar bikin akwai tsofaffin ɗalibanku a cikin 'yan kallo, sun zo taya abokai murna, suna zaune can baya suna jin nauyin haɗa ido da malamai. In suka ga an kira wanda ya dawo an tafa masa, sun ji amsar tambayar da suke jin kunyar yi.

Game da masu zaɓe, ka lura da wani abu da babu shi a makarantar rana: a ajin dare ɗalibi yana iya fin malaminsa kuɗi, ko shekaru, ko muƙami. Akwai Alhajin da ke rage wa malamai hanya, akwai Hajiyar da ke aiko da abincin salla. Ba na zargin kowa, amma zuciya tana son mai kyautata mata. Ku kafa kwamiti na malamai uku da wakilin ɗalibai ɗaya wanda ba ya cikin takara, a yi makin jarrabawar ƙarshe da lamba maimakon suna, a manna ƙa'idojin a allon sanarwa tun kafin a san wanda zai ci. Babba in ya zargi an yi son kai ba ya zuwa ofis ya yi ƙorafi. Daina zuwa yake yi, kuma ya tafi da abokansa biyu.

Yanzu abin da za a bayar. Don Allah a bar agogon bango da filas da bokitin roba. Magidanci ne, yana da su a gida, kuma shi ya saya. Ku tambayi kanku mene ne abu na gaba da zai tare wannan mutum, ku biya masa shi. Ga 'yan ajin ƙarshe amsar a fili take: kuɗin rajistar jarrabawa. Kuɗin WAEC na jarrabawar 2024 ya tashi daga naira 18,000 zuwa 27,000, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin wata, ban da kuɗin hoto da na shagon intanet, kuma da yawan ɗalibanku ko wannan albashin ba sa samu. Na sha ganin wanda ya yi shekara uku yana zuwa aji, rajista ta zo ta same shi da haya da maganin yaro, ya ce sai baɗi. Ku biya kai tsaye, ku miƙa masa takardar shaidar rajista a ambulan. In kuka ba shi tsabar kuɗi, kafin ya isa gida wata lalura ta gaske ta cinye su, kuma ba za ka iya ganin laifinsa ba.

Ga 'yan ajin ƙasa, kuɗin makaranta na zango mai zuwa, ko littattafan darasi da na tsofaffin tambayoyi, ko fitilar sola ta karatu. Kuɗin mota ma kyauta ce mai daraja tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, musamman ga mata masu zuwa daga nesa. Wani abin da ya shigo sabo shi ne kwamfuta. JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC kuma ta fara yi wa 'yan waje, wato masu yin rajista da kansu ba ta hannun makaranta ba, haka a farkon 2024. Mutumin da ya iya darasi amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yana iya faɗuwa saboda firgita. Biya wa gwarazanku horon 'yan makonni a wata cibiyar kwamfuta ta unguwa ya fi musu kofi mai ƙyalli.

Takardar yabo kam a ba kowa da ita, mai kauri, wadda za a iya sa wa gilashi a rataye a falo. Ku rubuta abin da mutum ya yi a kanta dalla-dalla, da Hausa da Turanci in zai yiwu, don mahaifiyarsa ma a karanta mata ta gane. Kada ku tsara ta yadda za ta yi kama da takardar kammala sakandare, domin akwai wanda zai ɗauka ya kai wurin neman aiki a yi masa dariya. Sunan kuma a rubuta shi daidai da yadda yake a katin NIN na mutum. Wannan dama ce ta gano masu matsala tun da wuri, tunda yanzu ba a rajistar JAMB ko WAEC sai da lambar, kuma manya da yawa suna da suna ɗaya a takardar firamare, wani a katin ɗan ƙasa, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata.

Abin da ba ya cin ko kwabo, amma na ga ya fi kyautar kanta tasiri, shi ne wasiƙa zuwa wurin aikin mutum. Ga ma'aikacin gwamnati, wasiƙa mai hatimin makaranta zuwa ga shugabansa, da roƙon a sa kwafi a fayil ɗinsa. Ga yaron shago a Kantin Kwari ko Singa, wasiƙar godiya ga ubangidansa da ya riƙa sakinsa kafin magariba. Ku gayyaci iyayen gidan nan, ku zaunar da su a gaba, ku kira sunan wanda ya fi ba yaransa dama ku ba shi tasa takardar. Ɗan kasuwa yana son a yabe shi a gaban 'yan'uwansa 'yan kasuwa, kuma maƙwabcinsa da ke hana nasa yaron zuwa zai ji labari kafin a buɗe kasuwa washegari. Haka mazan da suka bar matansu suna fitowa. Wasu malamai mata sukan ce me ya sa za a yaba wa namiji a kan abin da haƙƙin matarsa ne, kuma ina ganin hujjarsu. Amma ni ina kallon wadda ke zaune a gida an hana ta, wadda mijinta abokin wannan ne. Ita dai ɗalibar ita za a fara kira, ita za ta karɓi lambarta da hannunta, godiyar maigida ta biyo baya.

Lokacin biki ya biyo bayan abin da kuka zaɓa ku bayar. In rajista ce kyautar, dole a yi shi kafin a rufe rajistar jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara. Waɗanda sakamakonsu na waje ya fito da kyau a karrama su a bikin shekara mai zuwa, su dawo a matsayin tsofaffin ɗalibai, ɗaya daga cikinsu ya yi jawabi. Minti biyar daga bakin tela da ya sami shiga kwalejin ilimi ya fi awa ɗaya daga bakin babban baƙo. Ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, tana da daɗin jingina biki da ita, sai dai a Kano damina ba ta gama sauka ba a lokacin, don haka a nemi zaure mai rufi. Kada ku yi da dare don kawai makarantar ta dare ce. Iyalai za su zo da yara, kuma komawa gida da dare a Kano yana da wuya. An hana acaɓa tun 2013, kuma a watan Yulin 2022 gwamnati ta taƙaita zirga-zirgar a-daidaita-sahu daga ƙarfe 10 na dare. Ranar hutu, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Wace rana ce hutun, ɗaliban za su faɗa maka, don hutun ma'aikaci daban da na ɗan kasuwa.

Ɗan siyasa in kun gayyace shi, ku karɓi gudummawarsa kafin ranar, kuma ku fara a kan lokaci ko ya iso ko bai iso ba. Alkawarin da aka yi a lasifika ana tafi, sau da yawa a nan yake ƙarewa, kuma ɗalibin da aka ce za a biya wa rajista a bainar jama'a sannan aka yi shiru, ku zai riƙa kallo. Mai unguwa ko dagaci ko limamin unguwa sun fi zuwa da wuri, kuma maganarsu ta fi shiga kunnen mazajen da kuke son su ji. Kada a ɗora wa ɗalibai kuɗin biki, kada a fitar da anko. Duk abin da zai sa mai ƙaramin ƙarfi ya ƙi zuwa don ba shi da na sawa ya ɓata manufar. In kuɗin da ke hannu bai wuce na rumfa da kujeru ko na rajistar mutum uku ba, a yi a cikin aji a biya rajistar.

Abu na ƙarshe da nake so ka riƙe da kyau shi ne sirrin mutane. Ba a karanta jerin aji daga sama har ƙasa, ba a manna shi a bango. Kowa a ba shi sakamakonsa a rufe. Mai gabatarwa kada ya ɗauki labarin wahalar mutum ya yi ado da shi, wai wannan baiwar Allah mijinta ya sake ta da 'ya'ya biyar. A tambaye ta tukuna me take so a faɗa. Hoto ma haka. Akwai mai muƙami a wurin aikinsa wanda na ƙasa da shi ba su san ba shi da takardar sakandare ba, akwai matar da gidansu ba sa son hotonta a Facebook. Kafin ranar a zagaya da takarda, kowa ya nuna ko ya yarda a sa hotonsa da sunansa. Wanda ya ce a ba shi tasa a ofis, a ba shi a ofis, ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Malamanku ma a ambace su, ko da takarda ce kawai, tunda yawancinsu sun wuni suna koyarwa a wata makarantar kafin su zo muku, alawus ɗin kuma ka fi ni sanin yadda yake. Ɗalibai su zaɓi wanda za a ba, ta hanyar ƙuri'a a rufe.

A bakin ƙofa kuma ku ajiye tebur da malami ɗaya da fom ɗin shiga, da wani littafi daban na tsofaffin ɗalibai masu son dawowa. A rubuta lambar wayar duk wanda ya tsaya ya yi tambaya, a kira shi cikin makon, kafin zafin abin ya huce.